Daga Dala 30 Zuwa Dala Miliyan 6: Abin Da Kuɗi Ke Saya A Jikin Jita

A wani dare na sanyi cikin shekarar 1949, a wani ɗan ƙauye mai suna Twist a jihar Arkansas ta Amurka, wani matashin makaɗi yana cashe wa jama'a a gidan rawa. A tsakiyar ɗakin an girke ganga, an zuba mata kananzir an kunna don jin ɗumi. Sai faɗa ya kaure tsakanin wasu maza biyu, suka sarƙe da kokawa har suka ture gangar. Kafin ka ce kwabo wuta ta kama ko'ina, kowa ya yi ta kansa. Shi ma makaɗin ya fice a guje, sai da ya tsaya a waje yana haki ya tuna ya baro jitarsa a ciki. Ya juya ya kutsa cikin hayaƙin, ya fito da ita da ƙyar. Mutum biyu suka rasu a gobarar. Washegari ya ji cewa a kan wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya raɗa wa jitar sunanta, don ya riƙa tuna wa kansa kada ya sake irin wannan ganganci. Makaɗin shi ne B.B. King. Jitar da ya sai da ransa a kanta kuwa ta dala 30 ce.

Kimanin shekara 20 bayan haka, gidan mawaƙi Willie Nelson da ke Ridgetop a jihar Tennessee ya kama da wuta, shi ma ya shiga ya ɗauko tasa. Ita wannan ƙirar Martin ce, samfurin N-20, kuma dala 750 ya biya a 1969, kuɗi masu kauri a wancan zamani. Ya sa mata suna Trigger, sunan dokin ɗan wasan kaboyi Roy Rogers. Da hukumar harajin Amurka ta zo kwashe masa dukiya a farkon shekarun 1990, ita ce ya sa 'yarsa ta ɗauke aka ɓoye a tsibirin Hawaii. Yau fuskarta ta ci ta cinye, har rami na biyu ya ɓulle a inda hannunsa ke gogawa, ga sa-hannun ɗimbin mutane a warwatse a jikinta. Wanda bai san tarihinta ba, in ya gan ta a kasuwar 'yan gwanjo, ko tayawa ba zai yi ba.

Ɗaya ta ninka ɗaya a farashi sau 25, amma wuta iri ɗaya masu su suka shiga. To me kuɗi ke saya a jikin jita? Amsar da ke fitowa daga bakin waɗanda suka daɗe suna riƙe da ita ta danganta da wace irin jita ake magana.

Jita iri biyu ce. Akwai mai kogo, wadda Faransawa ke kira busasshiyar jita, domin ba ta bukatar komai sai yatsu. Tsarinta ɗaya da na garaya ko molo: tsirkiya ta girgiza, ɗan katakon da take hawa, wanda masu garaya ke kira jaki, ya miƙa girgizar ga fuskar akwatin, fuskar ta tura iska, kunne ya ji. A nan katako shi ne lasifikar. Sai kuma ta lantarki, wadda yawanci gundumen katako ne ba kogo. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta an dasa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta haifar da ɗan ƙanƙanin lantarki, waya ta kai shi amfilifaya, ita kuma ta mai da shi ƙara. Cire wayar, sai ka ji kamar sauro na kuka. Wannan bambanci shi ya sa naira ɗaya ba ta yin aiki iri ɗaya a wurare biyun.

Wayar birkin keke

A ƙasan kasuwar baki ɗaya akwai jitar da ba a saya ba. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar Tinariwen ta Buzayen Mali, ya haɗa tasa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua a Nijar, ya tashi a gidan da ba a kallon kiɗa da mutunci, amma da ya ga wasan makaɗin jita Abdallah Oumbadougou sai ya nemo katako, shi ma ya warware wayar keke ya ɗaura. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, wadda ta yi suna a bukukuwan auren Agadas, ta soma a tsakiyar shekarun 1990 da jita mai kogo ƙwaya ɗaya tak, gangarsu kuwa ƙwarya ce a kife cikin ruwa ana bugu da takalmi. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar yayanta ta koya. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya.

A Amurka ma haka labarin yake a da. Elizabeth Cotten tana yarinya ta yi aikatau a gidajen mutane a Carolina ta Arewa, ta tara dala 3.75 ta sayi jitarta ta farko. Bahaguwa ce, kuma jitar ta na-hannun-dama ce, sai kawai ta juya ta, tsirkiyoyi masu kauri suka koma ƙasa, sirara suka hau sama. Da wannan juyayyen riƙo ta ƙirƙiro salon da har yau ake kira da sunanta, ta kuma karɓi kyautar Grammy tana da kimanin shekara 90.

Irin waɗannan labarai suna da daɗin ji, amma suna da haɗari, domin suna sa a ɗauka kowace jita ma ta isa. Ba haka ba ne. A kan kowane Mdou Moctar guda akwai ɗaruruwan yara da mummunar jita ta kora. Shugabannin kamfanin ƙera jita na Fender da kansu sun sha faɗa cewa cikin mutum 10 da suka fara koyo, 9 na ajiyewa kafin shekara ta zagayo. Dalilan suna da yawa, amma wanda masu koyarwa suka fi kuka da shi shi ne tsayin tsirkiya. A jitar da aka yi wa aikin gaggawa, tsirkiyoyin kan yi nesa da wuya, sai mai koyo ya danna da ƙarfin tsiya kafin sauti ya fito. Mako guda yatsu sun yi kanta, wata guda an jingine ta bayan ƙofa tana shan ƙura. Yaron zai tafi da tunanin shi ne ba shi da baiwa, alhali kayan aikin ne suka ci amanarsa. Ga kuma maƙunnan ɗaure tsirkiya masu sulɓewa, a saita yanzu, kafin a gama waƙa ɗaya sauti ya karkace.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawancin wannan ciwo yana da magani mai sauƙi. A cikin wuyan jita mai tsirkiyar ƙarfe akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da ɗan makulli don miƙe shi. Mai gyara da ya san hannunsa zai juya ta, ya goge jakin ya rage masa tsayi, ya daidaita tsagogin da tsirkiya ke bi a kai, ya sa sababbin tsirkiyoyi marasa kauri. Aikin sa'a ɗaya ko biyu ne. Masu jita da dama sun ce sai bayan wannan gyara suka gane cewa abin da suke shirin sayarwa ba shi da laifin komai. A ganin mai wannan rubutu, wanda zai kashe duk abin da ke aljihunsa a kan jita, gara ya sayi ta ƙasa da ita kaɗan ya rage na mai gyara.

Araha ta yau kuma ba irin ta jiya ba ce. Injinan sassaƙa masu aiki da kwamfuta sun sa wuyan da aka yanka a Indonesiya ko Sin yana fitowa daidai da awo, ba kamar lokacin da sai an yi sa'a ba. Gundumar Zheng'an kaɗai a lardin Guizhou na Sin tana fitar da miliyoyin jita a shekara. Yamaha, wadda ta fara jerin FG tun 1966, ta gina sunanta ne a kan wannan mataki: F310 da C40 sun cika makarantu da majami'u daga Legas zuwa Jakarta, ba don sun fi kowa zaƙi ba, sai don in ka sayi goma, goman za su yi aiki.

Inda katako ke magana

A jita mai kogo, tsalle mafi girma da kunne ke ji yana faruwa ne da wuri. Mafi araha ana yi musu fuska da fale-falen katako da aka manne wuri ɗaya. Daga kimanin dala 200 zuwa sama, kamar Yamaha FG800, sai a fara samun fuskar da aka yanko daga gundarin itace. Kaurin fuskar bai cika wuce milimita 3 ba, amma tana ɗauke da jan tsirkiyoyi da ya kai kilo 70. Gundarin katako ya fi sakin jiki wajen girgiza, sautinsa ya fi buɗewa, kuma masu shi kan rantse cewa yana ƙara daɗi da shekaru. Wannan bambanci ko wanda bai iya kiɗa ba yakan ji shi.

Daga nan sai hawan ya fara wuya. Martin D-28, wadda kamfanin da aka kafa tun 1833 yake ƙerawa a garin Nazareth na jihar Pennsylvania, ta haura dala 3,000. Ta ninka waccan Yamaha sau goma da wani abu. Shin ta ninka ta sau goma a daɗi? Ko masu ita ba sa faɗin haka. Abin da suke faɗa shi ne tana amsa taɓawa: ka shafa ta a hankali ta yi raɗa, ka doke ta ta yi ruri ba tare da sautin ya dagule ba. Wanda ya shekara 20 yana kiɗa zai biya kuɗi don wannan. Wanda ya fara jiya ba zai ma san yana wurin ba.

Babban kaso na kuɗin manyan jita yana tafiya ne a kan katakon baya da na gefe, kuma a nan ne gardama ta fi zafi. Tun a 1862 Antonio de Torres, maƙerin Sifaniya da ake ɗauka uban jitar zamani, ya ƙera wata da fuskar katako mai kyau, bayanta da gefenta kuwa na kwali, don ya nuna fuska ce ke yin aikin. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. A 1995 Bob Taylor, mai kamfanin jita na Taylor, ya maimaita darasin da katakon dakalin ɗora kaya da ya tsinta a bayan masana'antarsa. Sannan a 2018 masu bincike a Jami'ar Lancaster ta Ingila suka sa kamfanin Fylde ya ƙera jita 6 iri ɗaya sak, ban da katakon baya da gefe, tun daga na Brazil mai tsadar gaske har zuwa sapele, wanda kafintocin Afirka ta Yamma ke yin ƙofa da shi. Aka kawo makaɗa 52, aka sa musu tabarau irin na masu walda a ɗaki mai duhu don kada ido ya taya kunne zaɓe. Makin da suka ba jitocin ya zo kusan ɗaya, kuma da aka gwada su ko za su iya bambance wannan da waccan, abin ya yi musu wuya. Wannan bai hana kowa ci gaba da biyan kuɗin katakon Brazil ba, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992. Ido ma yana da nasa haƙƙin.

Wani ɓangare na katakon manyan jita daga maƙwabta yake fitowa. Baƙin itacen da ake shimfiɗawa a wuyan jita mai tsada ɗan'uwan kanya ne, kuma dazukan Kamaru na cikin manyan wuraren samunsa. A 2011 kamfanin Taylor da wani abokin hulɗarsa na Sifaniya suka sayi masana'antar yankan katako ta Crelicam a Yawunde. A can ne Bob Taylor ya ji daga bakin masu saran cewa sai sun kayar da bishiya kusan 10 kafin su sami ɗaya mai baƙi wuluk, sauran masu ratsin fari a bar su su ruɓe a daji, saboda masu saye ba sa so. Ya ce daga ranar za a sayi masu ratsin a kuma sa su a jita mafi tsada. Yanzu akwai masu neman mai ratsin da gangan.

Sai dai akwai abin da mai sayen jita a Kano ko Damagaram ko Agadas ya kamata ya sani, wanda takardar talla ba za ta gaya masa ba. Manyan masana'antu suna ƙera jita a ɗakunan da aka tsare danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Da hunturu, danshin iska a ƙasar Hausa yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Abin da ke fasa leɓe da dunduniya shi ke fasa katako. Fuskar jita ta tsuke ta lotsa, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, wata safiya a buɗe akwati a tarar da tsaga tun daga jaki har gindi. Kuma gundarin katako, wato mai tsadar, shi ya fi saurin fashewa. Na manne, da yake an gicciya fale-falensa, ya fi jurewa nesa ba kusa ba. Ga jitar dala 3,000 tana neman a yi ta lallashinta kamar jaririya, ga ta dala 150 a rataye a bango tana shan ƙura ko a jikinta. Masu tsadar sukan sa jiƙaƙƙen soso a cikin 'yar robar sabulu da aka huda, su rufe tare da jitar a akwatinta, su riƙa duba shi kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Barin ta a cikin mota da rana kuwa, manne ne zai saki, jaki ya ɗago. Haka in aka ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don ta roba, kuskuren da ake yawan yi in ta robar ta yi wuyar samu.

Inda waya ke magana

A ɓangaren lantarki lissafin ya sauya. Wajen 1940 makaɗi Les Paul ya ɗauki guntun katako mai kusurwa huɗu irin na gini, ya kafa masa wuya da maganaɗisu, ya kaɗa. Da jama'a suka yi ta kallonsa kamar mahaukaci, sai ya raba wata tsohuwar jita biyu ya manna a gefe da gefe don ta yi kama da abin da ido ya saba. Tun daga ranar ake gardamar ko katako na da tasiri a sautin jitar lantarki, kuma ba a gama ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne maganaɗisu da amfilifaya da lasifika sun fi shi tasiri.

Shi ya sa tarihin wannan ɓangare ya cika da jitocin haɗe-haɗe. Brian May na ƙungiyar Queen da mahaifinsa sun fara ƙera tasa a 1963, saboda kuɗin Fender ya fi ƙarfin gidan. Wuyan daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki aka sassaƙo shi, aka sa sifirin na babur, aka yi ado da maɓallan rigar mahaifiyarsa. Abin da aka kashe bai wuce fam 8 ba. Da ita ya yi kusan duk faya-fayan Queen, kuma ba da roba yake kaɗa ta ba, da tsohon sisin Ingila ne. Makaɗi Eddie Van Halen ya sayi gangar jiki mai aibi dala 50 da wuya dala 80, ya cusa maganaɗisun Gibson a jikin ƙirar Fender, ya fesa mata fentin keke. A 2007 aka fitar da kwafinta guda 300, an kwaikwayi har ƙonuwar taba da tsatsar sukurori, kowace a kan dala 25,000.

Manyan kamfanonin sun daɗe da gane cewa ba za su iya hana a kwaikwaye su ba. Gibson ta sayi Epiphone a 1957, daga baya ta mai da ita sunan kayanta masu sauƙin kuɗi. Fender kuwa, da masana'antun Japan irin su Tokai da Greco suka addabe ta da kwafi masu kyau, sai ta fito da Squier a 1982 ta ba Japanawan aikin. Waɗancan Squier na farko yanzu masu tara kayan tarihi ke farautarsu. A yau Stratocaster, wadda ta fito a 1954 a kan dala 249.50, tana da matakai kamar bene: Squier daga Sin ko Indonesiya, ta Ensenada a Meziko, ta Corona a California, sai ta sashen ƙwararru da ake yi da hannu. Siffa ɗaya, farashi daga ɗaruruwa kaɗan zuwa dubbai. Abin da ke ƙaruwa a kowane hawa shi ne gogewar bakin ƙarafa, ingancin maƙunnai da maɓallan ƙara, da yawan lokacin da ɗan Adam ya ɓata a kanta kafin ta bar masana'anta. Kusan duk waɗannan ana iya sauya su da sukundireba, abin da ba ya yiwuwa a jita mai kogo. Mike Rutherford na ƙungiyar Genesis, wanda kullen korona ya ritsa da shi a Cape Town ba tare da kayansa ba, ya shiga shago ya sayi Squier Bullet, ta ƙasan ƙasa. Ta kwanta masa har ya hau da ita manyan dandamali a rangadin ƙungiyar na ƙarshe.

Amma kada a yi saurin yanke hukunci. Makaɗi Jack White ya yi shekaru yana alfahari da jar jitarsa Airline ta roba, irin wadda kantin Montgomery Ward ke sayarwa a shekarun 1960, yana cewa yana son jitar da sai an yi kokawa da ita. A 2018 sai ga shi da Wolfgang, ƙirar Van Halen mai tsada da laushin taɓawa, yana yaba yadda ba ta wahalar da shi. Ashe kokawar ma tana gajiyarwa.

Kuskuren da sababbin masu jitar lantarki suka fi nadama a kai shi ne zuba kuɗi duka a jita a manta da amfilifaya. Squier a amfilifaya mai kyau ta fi Fender ta Amurka a 'yar ƙaramar da ke kuka kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. A yankinmu kuma akwai ƙarin lissafi. Sai da wuta, in babu sai janareta, shi ya sa makaɗan bukukuwa a Sahara suka riƙe ƙananan amfilifaya masu batir. Wanda ya sayi ta gwanjo daga Amurka ya duba bayanta da kyau, domin can wutarsu 120 ce, a Najeriya da Nijar kuwa ta haura 200, jonawa ɗaya sai hayaƙi. Wayar da ba a haɗa ta da ƙasa ba kuma ba ƙugi kawai take kawowa ba. Keith Relf, mawaƙin Yardbirds, a gidansa wuta ta kashe shi a 1976 yana riƙe da jita.

Kuɗin labari

A can ƙololuwa, kuɗi sun daina sayen sauti gaba ɗaya. A watan Yunin 2020 aka yi gwanjon Martin D-18E da mawaƙi Kurt Cobain ya kaɗa a shirin MTV Unplugged a 1993, ta tashi a kan dala miliyan 6 da 'yan kai. Abin dariyar shi ne wannan samfuri na cikin waɗanda Martin ta yi asara a kansu. An ɗora wa fuskarta maganaɗisu da maɓallai masu nauyi har suka danne muryarta, guda 302 kawai aka yi aka daina. Baƙar Stratocaster ta makaɗi David Gilmour, wadda aka sayar dala miliyan 3.975 a 2019, an sauya mata wuya da maganaɗisu sau da dama tun da ya saye ta a New York a 1970, har da wuya a ce ga abin da ya rage na asali.

Labarin da ya fi bayyana lamarin shi ne na wani magini a San Diego. A 1969 ya sayi wata Gibson J-160E a hannun abokinsa dala 175. Ya shekara 45 yana kaɗa ta a gida, yana koya wa 'ya'yansa da ita. A 2014 ya ga hoto a wata mujalla, daga nan aka lura zanen katakon da tabon jikin tasa sun yi kama da na jitar mawaƙi John Lennon da ta ɓace a Landan a ƙarshen 1963. Masana suka duba suka tabbatar ita ce. A 2015 aka sayar da ita dala miliyan 2.41. Jitar ita ce dai, ba ta sauya ba tsakanin ranar da take ta dala 175 da ranar da ta zama ta miliyoyi. Fuskarta ma ta katakon manne ce.

Inda suna ke da tsada haka, dole 'yan jabu su yi sansani. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka nuna jabun Gibson sama da 3,000 da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da sun haura dala miliyan 18. Waɗanda ba su bi ta Amurka ba suna shiga wasu kasuwannin, har da namu. Duk wanda aka miƙa wa sabuwar Gibson a farashin wayar hannu, to sunan kawai aka sayar masa. Epiphone ta gaskiya ta fi ta, kuma in ya tashi sayarwa ba zai ji kunya ba.

Mdou Moctar ya taka kusan kowane mataki na wannan bene. Daga wayar keke ya koma aron jita. A 2008 ya sauko Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, da irin sautin kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds. Shi ma bahago ne kamar Elizabeth Cotten, kuma jitar bahago ba a cika samunta a kasuwannin Nijar ba, sai da Kirkley ya ɗauko masa ɗaya daga Amurka. Da farar Stratocaster ya yi Afrique Victime a 2021, ya zaga manyan dandamalin Turai da Amurka da ƙarar da ke girgiza bango. A watan Yulin 2023, yana cikin rangadi a Amurka, sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, aka rufe iyakoki, shi da abokan kiɗansa suka rasa hanyar gida. A cikin wannan zaman jira suka shiga wani ɗakin naɗar sauti a Brooklyn, suka zauna wuri ɗaya, suka sake kaɗa waƙoƙin sabon faifansu da jita mai kogo. Na lantarkin, Funeral for Justice, ya fito a 2024. Na kogon, Tears of Injustice, ya biyo baya a farkon 2025.